Girkin Abin da Ba Na Sha

Mazubi yana barin ɗanɗanonsa a cikin abin da aka zuba masa. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan, domin ƙamshin ƙasar nan daga tukunyar ya fito. Faransawa sun gina sana'a sukutum a kan wannan magana, ni kuwa na koye ta ne a ɗakin girkin wani gidan abinci a birnin Nant, inda nake aiki.

Ni ba na shan giya, ban kuma taɓa sha ba. Amma kifin da nake gasawa, akasari da farar giyar inabi ake cin sa, wadda suke kira Muscadet. Ana noman inabinta a kewayen birnin, inda kogin Luwar ke gangarawa zuwa Tekun Atlantika. A al'ada ba a tsuma ta a sabuwar gangar katako. Tankin ƙarfe ake zuba ta, ko ramin siminti da aka shimfiɗe cikinsa da gilashi, wato mazubin da ba ya ƙara mata komai. Gangar itacen oak kuwa, irin mai cin lita 228 ta yankin Burgundi, tana ba giya ƙamshin banila da na hayaƙi, ta ƙara mata nauyi. Wadda ba ta shiga katako ba, da ƙamshin 'ya'yan itace kawai take zuwa.

Hancina ya shaida wannan. Idan aka wuce da kofi ta gefena, ɗanyen tuffa nake ji da ɓawon lemun tsami, sai wani abu kamar dutsen da ruwan sama ya jiƙa. Sauran labarin, masu sha ke ba ni: tsami mai kaifi, babu zaƙi, da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 12 cikin 100 ba, kuma da sanyi ake kawo ta. Akan bar ta kwance a kan yis ɗinta duk tsawon hunturu, sai daga watan Maris a ɗura ta a kwalba.

Da na gane cewa tsamin shi ne kan maganar, sai girkin ya yi mini sauƙi. Aikin da lemun tsami ke yi wa gasasshen kifi, shi take yi: ta yanke maiƙo, ta kashe ƙarni. Don haka take tafiya da farin kifi, da jatan lande, da cukun nonon akuya, da wani naman teku mai ɓawo biyu da mutanen nan ke haɗiyewa ɗanye. (Wannan kam har yau kallo nake yi.) Sai na rage lemun tsami a farantin, kada tsami ya hau kan tsami. Yaji ma nakan ja hannu, domin giya na ƙara wa barkono zafi. Jan nama kuwa danne ta yake yi gaba ɗaya.

Ban ce zuciyata a kwance take da wannan aiki ba. Akwai daren da nake lissafin ranar da zan buɗe wurina, inda kwalba ba za ta shigo ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba ya sha idan ya zauna a teburin. An tsara wa maƙwabcinsa komai, shi kuma a dire masa lemon kwalba mai zaƙi, wanda ke shafe ɗanɗanon kifin tun a lomar farko, alhali kuɗi ɗaya suka biya.

Maganin kuwa yana cikin gonar inabin kanta. Turawa sun daɗe suna matse inabin da bai nuna ba, ruwan da ba a tsuma shi ba, babu maye a ciki, suna kiransa verjus. Tsaminsa ya fi na lemun tsami laushi. Nakan zuba cokali biyu a kofi, in cika da ruwa mai gas mai sanyi, in aika da shi tare da kifin. Yawanci sai an aiko a ƙaro.