Buzun Damisar Kakana



A zauren gidanmu da ke Wudil akwai wani tsohon buzu na fatar damisa, gashinsa ya zube, roɗi-roɗinsa ya dushe. Kakana, Allah Ya jiƙan sa, maharbi ne, kuma ya ce a dajin Kogin Kano ya harbo ta yana saurayi. Dajin nan shi ne Falgore, can kudancin Kano kan hanyar Jos, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, sannan aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Muna yara alfahari muke yi da buzun.

Ran nan ɗana ya shafa shi, ya ce: “Baba, ina sauran suke?” Na buɗe baki, na rasa amsa. Na ratsa Falgore a mota ya fi a ƙirga, abin da idona ya gani bai wuce birai a bakin titi da buhunan gawayi ba. Ni kaina ban taɓa ganin damisa a daji ba. In an ambaci dajin, ɓarayin shanu ne ke faɗo mana a rai, har sojoji suka kafa filin atisaye a cikinsa a 2017.

Indiya ma ta kusa rasa tata damisar, babbar nan mai ratsi-ratsi. A 1973 suka keɓe mata dazuzzuka, amma duk da haka ƙidayar 2006 guda 1,411 kacal ta samu. Suka ƙara masu gadi, suka dasa na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa, sai ga ƙidayar 2022 ta haura 3,600. Ba kyauta abin ya zo ba: an tayar da ƙauyuka, talakawa sun rabu da gonakin gado, kuma wannan ɓangaren bai kwanta mini ba.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil. Kogin Kano ta tsakiyar Falgore yake bi, ya faɗa madatsar Tiga, ya haɗu da Challawa, sannan ya iso mana. Masuntanmu da masu noman rani duk daga inuwar itatuwan can suke ci, ko sun sani ko ba su sani ba. Ni ma da gawayi ake dafa tuwon gidana, kuma ban taɓa tambayar mai sayarwa daga wane daji ya fito ba.

Na yi wa yaron alkawarin kai shi gidan zu na Audu Bako ranar Asabar. Buzun kuwa na naɗe shi, na sa a ɗaka.