Farfaɗiya a Bakin Tafki

Mu da muka ga jiya muka ga yau a ƙasar Ngaski mun san farfaɗiyar bakin ruwa ba ɗaya take da ta tudu ba. Wanda ta kayar a gona yakan farfaɗo ya kaɗe riga. Wanda ta kayar cikin kwale-kwale yana jan taru, sau da yawa sai dai a nemi gawa. Tun da aka tare kogin Kwara a Kainji a 1968, abincin dubban mutane daga Wara zuwa Yawuri ya rataya a kan tafki. Shi ya sa nake ganin wajibi ne cikin 'ya'yanmu masu zuwa jami'a a samu waɗanda za su duƙufa kan ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Za a ce ai aikin iskoki ne, ba na asibiti ba. Ban raina masu faɗin haka ba, iyayenmu ne, kuma abin da ido ya gani suke fassarawa. Amma ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki take aika saƙo, kuma faɗuwar nan rikicewar lantarkin ce, har na'ura na iya zana ta a takarda. Yawun mai ita ba ya harbin kowa, amma ga shi ana gudunsa a daidai lokacin da yake bukatar a janye shi daga wuta ko ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ciwon, kuma har bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Neman magani bai hana addu'a ba. A 1954, a Aro ta Abeokuta, Dokta Adeoye Lambo ya ja masu maganin gargajiya a jiki wajen jinyar masu taɓin hankali, bai kore su ba.

Wasu kuma za su ce zazzaɓin cizon sauro ya fi gaggawa. To ai shi ne ke hawa kan yaro ya sa shi jijjiga, wani ya warke ya bar masa farfaɗiya. Ƙofar karatun ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da nisa, ga sashen likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙwaƙwalwa a Kware. Gane wannan ciwo ya dogara ne ƙwarai ga bayanin wanda ya ga faɗuwar, kuma uwa Bakambara ko Bagunga ta fi sakin baki ga ɗan gida mai jin harshenta.