Kujeru sun wuce, kilishi ya tsaya

Mai shirin ƙaura zuwa Birtaniya yakan ɗauka cewa manyan kaya ne za su ba shi wahala a hannun kwastam: gado, kujeru, firji, akwatunan lefe. A gaskiya waɗannan su ne masu sauƙin shiga. Inda ake yin tuntuɓe shi ne a kan ƙananan abubuwan da suka fi kusa da zuciya, kamar ƙullin kilishi da kwalbar man shanu da kyanwar gida. Kwastam ba ya auna ƙauna, kuma ba tsada kaɗai yake dubawa ba. Tambayoyinsa biyu ne: tun yaushe abin yake hannunka, kuma wace cuta zai iya ɗaukowa?

Wata ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila ta gamu da tambayoyin nan bi da bi. Ta farko ba ta ba ta wahala ba. Hukumar haraji da kwastam ta ƙasar, wato HMRC, tana yafe wa mai sauya mazauni harajin shigo da kaya da kuma VAT, wanda a can kashi 20 cikin ɗari ne, in ya cike fom ɗin ToR1 ta intanet kafin ya turo kayansa. Sharuɗɗan duk na lokaci ne. Dole mutum ya zauna a wajen ƙasar wata 12 a jere, kayan su yi aƙalla wata 6 a hannunsa, ya shigo da su cikin wata 12 da isowarsa, kuma kada ya sayar ko ya ba da aronsu sai sun shekara. Keken ɗinkinta da tsofaffin tukwanenta sun cika sharuɗɗan. Sabbin atamfofin da ƙawaye suka tara mata a makon bankwana kuwa ba su cika ba, domin a idon doka sabon kaya zai iya zama hajar kasuwa.

Tambaya ta biyu ita ce ta taɓa iyali. Mahaifiyarta ta sa an yi kilishi da dambun nama, ta ce: "Ki tafi da shi, kafin bakinki ya saba da abincinsu." 'Yar ta amsa: "Hajiya, ki yi haƙuri, ko yanki ɗaya ba za su bari ya shiga ba." Haka dokar take. Nama da abin da aka yi da madara ba sa shiga a jakar matafiyi daga Nijeriya ko Nijar, komai bushewarsu. Amma an yarda da busasshen kifi har kilo 20 da zuma har kilo 2.

Wannan tsanani yana da tushe. A 2001 cutar baki da kofato, wadda makiyaya ke kira boru, ta ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kanta. Bincike ya danganta farkonta da wata gonar aladu da aka ciyar da su ragowar abincin da ba a dafa yadda ya kamata ba, kuma ana zargin naman da ke ciki daga waje ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mafi wuya ita ce kyanwar da 'ya'yanta suka rena tun tana jaririya. Birtaniya ta kawar da ciwon haukan kare daga dabbobinta na ƙasa tun 1922, kuma Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da take sassauta wa. Don haka akwai matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko likitan dabbobi zai dasa mata ɗan guntun shaida na lantarki, kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata. Bayan haka ne za a yi allurar rigakafin haukan kare. In allura ta riga dashen, sai an sake. Sai a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi. In sakamako ya yi kyau, a ƙirga wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Jimilla wata 4 ke nan, in komai ya tafi daidai. Ana buƙatar takardar lafiya daga likitan dabbobi na hukuma cikin kwana 10 kafin isa, kuma dabbar ba ta zama a gefen mai ita a jirgi, sai a sashen kaya. Wanda ya yi kuskure, za a iya killace dabbarsa har wata 4, kuma shi zai biya.

Ita kuwa makonni shida kacal suka rage mata ta kama aiki. Iyalin suka yanke shawara ta yi gaba, miji da yara su biyo baya, kyanwar ta ƙarasa kwanakinta a gidan ƙanwarta. Da a ce aku suke kiwo, da lamarin ya fi haka tsauri, domin tun 2017 akun Afirka mai ruwan toka da jan wutsiya yana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, kuma ba ya ƙetare iyaka sai da izinin ƙasar da zai bari da na wadda zai shiga.

Yawancin masu ƙaura sukan fara lissafi ne daga ranar da biza ta fito, alhali agogon kwastam ya daɗe da fara bugawa. Wata 6 na mallakar kaya da wata 4 na jinin dabba ba a sayensu da kuɗi, ba a kuma roƙon jami'i ya rage su. Saboda haka ranar da mutum ya tura takardar neman aiki a waje, ita ce ranar da ya kamata ya adana rasiɗan kayansa, ya kuma kai dabbarsa wurin likita.