Na yi kuskure a rediyo kan gwajin kansa, ga gyara

A watan Oktoba, lokacin gangamin Octobre Rose, na faɗi wata magana a shirinmu na lafiya wadda ya kamata in gyara. Na ce duk gwajin kansa da aka samu a yi shi, domin gano cuta da wuri shi ne tsira.

Ina fita daga situdiyo wata ƙawata likita, wadda muka yi lise tare, ta kira ni. Ta ce: "Ke 'yar jarida, rabin maganarki ce gaskiya. Amma kar ki ji kunya, mu ma likitoci da yawa haka muke zato."

Ashe an taɓa auna wannan zaton. A wani bincike da aka wallafa a 2012, an tambayi likitoci sama da 400 a Amurka, irin waɗanda marar lafiya ke fara gani kafin a tura shi babban asibiti. Kusan uku cikin huɗu sun ɗauka cewa idan masu kai shekara biyar bayan gano kansa suka ƙaru, to gwajin yana ceton rai. Ba lallai ba ne.

Ga misalin da ta ba ni. Mutum biyu, cuta iri ɗaya, dukansu sun rasu suna da shekara 70. Na farko an gano tasa yana da 67. Na biyu gwaji ya gano tasa yana da 60. A takarda na biyu ya wuce shekara biyar, sai a ce gwaji ya yi aiki, alhali ko kwana ɗaya bai ƙara ba.

Akwai kuma kansar da ba za ta taɓa cutar da mai ita ba. A Koriya ta Kudu, da aka yawaita yi wa masu lafiya eko na wuya, kansar tiroyid da ake ganowa ta ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011. Masu mutuwa da ita ba su ragu ba, sai dai mutane da yawa aka yi wa tiyata.

Na ce mata: "To mu daina gwaji ke nan?" Ta ce a'a, a bambance. Gwajin bakin mahaifa yana hana mutuwa, domin yana gano tabon tun bai zama kansa ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma takan ɗauki shekaru 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe, don haka akwai lokacin magani. A Mumbai ta Indiya, gwaji mai sauƙi da ruwan binegar ya rage mace-macen mata da wannan kansar da kashi 31 cikin 100. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana so a gwada mata 70 cikin 100 kafin su wuce shekara 35, a sake kafin 45.

Nan jikina ya yi sanyi. Shekarata 36, kullum ina kiran mata su je, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Makon jiya na je, ungozoma ta duba ni, ba a ɗauki lokaci ba.

Duk wannan magana ta masu jin lafiya ƙalau ce. Wadda ta ji ƙullu a mama, ko take ganin jini ba lokacin al'ada ba, ta tafi CSI yau, kar ta jira gangami.

In kuma likita ya ce ku yi wani gwaji alhali ba ku jin komai, ku tambaye shi cikin ladabi: "Dokta, wannan gwajin yana rage masu mutuwa ne, ko ƙara masu sanin suna da cutar kawai yake yi?" Likita na gari ba zai ji haushi ba.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.