Mutumin da Ya Bi Sawun Fara da Ƙuda Shekara Talatin



A wurin Bahaushe fara abu biyu ce. Ko dai annoba ce, idan farin ɗango suka rufe sama suka sauka a gonar gero suka bar manomi da kara, ko kuwa abin marmari, idan aka soya ta aka barbaɗa mata yaji aka kasa a bakin kasuwa. Ƙuda kuwa ko wannan matsayin bai samu ba, korarsa kawai ake yi. Yau ina so in kawo muku labarin wani masani da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan waɗannan halittu biyu, har ta hanyarsu duniya ta fahimci yadda jikin ɗan Adam yake gane cuta tun daga shigarta. Sunansa Jules Hoffmann.

An haife shi a 1941 a garin Echternach na Luxembourg, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Mahaifinsa malamin sakandare ne mai sha'awar ƙwari, yana tattara su yana rubuta bayaninsu, kuma a hannunsa yaron ya ɗauki wannan ɗabi'a. Da ya girma sai ya tafi jami'ar Strasbourg a Faransa, ya shiga ɗakin binciken wani farfesa mai suna Pierre Joly, wanda aikinsa a kan fara yake.

A can ya haɗu da tambayar da ta zame masa abokiyar zama. Mutanen wannan ɗaki sun daɗe suna yi wa fara tiyata, su ciro wata gaɓa daga jikin wannan su dasa a jikin waccan, ba tare da irin tsaftar asibiti ba. Duk da haka raunin ba ya ruɓewa, farar kuma ba ta kamuwa da cuta. To, me yake kare ta? Tambayar tana da nauyi, domin garkuwar jikin da likitoci suka fi sani a lokacin ita ce wadda ke koyon kamannin kowace cuta, ta ƙera mata makami nata na musamman, ta kuma riƙa tunawa da ita shekara da shekaru. Irin wannan garkuwa ce allurar riga-kafi take horarwa. Ƙwari ba su da ita, amma ga su suna rayuwa cikin datti lafiya lau.

Hoffmann ya fara da jinin fara. Ya bi diddigin inda ƙwayoyin jininta suke fitowa, ya same shi a gadon bayanta, kusa da zuciya. Da ya lalata wurin da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai abu biyu suka faru. Ƙwayoyin cuta suka mamaye jikin farar, sannan ta kasa yin saɓa, wato tuɓe tsohuwar fata da ƙwaro yake yi don ya girma. Wuri ɗaya aka taɓa, amma tsaro da girma suka tsaya tare. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi. Da wannan aiki ya sami digirin digirgir a 1969.

Maganar saɓa ta ja shi shekaru masu yawa zuwa binciken sinadarin da ke haddasa ta. A 1973 ya tafi Marburg a Jamus wurin Peter Karlson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara tace wannan sinadari a 1954. Don ku san irin haƙurin mutanen nan, kilo 500 na tsutsar siliki suka tace kafin su sami miligiram 25, abin da bai kai nauyin ƙwayar masara ba. A 1978 Hoffmann ya gaji kujerar malaminsa Joly.

A 1981 wani masani ɗan Suwidin mai suna Hans Boman da abokan aikinsa suka bayyana cewa jikin wani irin malam-buɗe-littafi yana ƙera ƙananan sinadarai masu fasa bakteriya. Wannan ya mayar da hankalin mutanen Strasbourg ga tambayarsu ta farko. Suka riƙa tara dubban tsutsotsin ƙuda, suna soke su da allura mai ɗauke da bakteriya, suna tace jininsu, har suka gano makamai iri-iri. Sai dai ganin kibiya a ƙasa ba ya gaya maka wanda ya hango mahara ya buga ganga. Don neman wannan mai gadi, a wajen 1990 Hoffmann ya yanke shawara mai wuya: ya ajiye fara da binciken saɓa, abin da aka san shi da shi, ya juya ɗakinsa duka zuwa ga ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Dalilinsa shi ne tun wajen 1910 masana gadon halitta suke aiki da wannan ƙuda, sun tara zuriyoyinsa masu yawa, kowace da ƙwayar gadon da ta lalace a cikinta.

A nan sai mu ɗan ratse zuwa Jamus, domin akwai wasu masu bincike da ba ruwansu da cuta ko garkuwa. Tambayarsu ita ce: ƙwan ƙuda ɗan ɗigo ne, to yaya yake sanin inda kai zai fito da inda ƙarshen jiki zai kasance, da gefen da zai zama ciki da wanda zai zama baya? Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus sun lalata ƙwayoyin gadon ƙuda ɗaya bayan ɗaya suna duban abin da zai sami ɗan tayi, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1995 tare da Edward Lewis. A birnin Tübingen, Nüsslein-Volhard da Kathryn Anderson suka bayyana wata ƙwayar gado a 1985 wadda ita ke tsara gefen ciki. Idan ta mutu a jikin uwa, ɗan tayin yakan fito duk baya ne, babu ciki. Sunanta Toll, kalmar Jamusanci da ake faɗa idan an ga abin mamaki.

Mutanen Hoffmann sun lura cewa maɓallin da ke kunna ƙera makaman ƙuda ya yi kama ƙwarai da maɓallin da Toll ke taɓawa a cikin ƙwai. Wani matashi a ɗakin mai suna Bruno Lemaitre ya ɗauki manyan ƙudajen da Toll ɗinsu ta lalace, ya sa musu wata fumfuna mai cutarwa. Cikin 'yan kwanaki suka mutu, fumfunar ta lulluɓe su kamar auduga, alhali ƙudaje masu lafiyayyar Toll sun tsira. An buga sakamakon a mujallar Cell a 1996, da hoton mataccen ƙudan a bangonta. Ashe ƙwayar da ke gina jiki a cikin ƙwai, ita ce ke komawa aikin gadi bayan an ƙyanƙyashe. Magini da mai gadi mutum ɗaya ne, kamar yadda fara ta nuna alama shekaru kusan talatin kafin nan.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1997 Ruslan Medzhitov da Charles Janeway na jami'ar Yale a Amurka suka nuna cewa ɗan Adam yana da 'yar'uwar Toll mai tayar da garkuwa. A 1998 Bruce Beutler a Dallas ya gano a jikin ɓera cewa ɗaya daga cikin wannan dangi, mai lamba 4, ita ce ke shinshino wani sinadari da ke bangon wasu bakteriya. Yanzu an san irinsu 10 a jikin mutum. Kowace tana da alamar da take jira, kuma cikin sa'o'i kaɗan sukan tayar da zazzaɓi da kumburi, su kuma tashi waccan garkuwa mai koyo da tunawa. Idan kuwa ƙararrawar ta wuce kima, ita kanta takan kayar da majinyaci, kamar yadda ake gani idan cuta ta shiga jini.

Mai tambaya zai ce, ina ruwanmu? Ga inda ruwan yake. Allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro mai suna RTS,S, wadda aka fara gwajin rabawa a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, Kamaru kuma ta zama ta farko da ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum a watan Janairun 2024, tana ɗauke da wani sinadari mai ƙara mata ƙarfi. Daga bangon bakteriya aka tace shi aka rage masa dafi, kuma ƙofar mai gadi mai lamba 4 yake ƙwanƙwasawa. An san wannan sinadari kafin binciken ƙuda, amma sai bayansa aka gane ta inda yake bi. Jaririn da aka yi wa allurar a zangonmu yana da alaƙa da wancan mataccen ƙuda, ko da uwarsa ba ta taɓa jin labarin ba.

A 2011 aka ba Hoffmann da Beutler rabin lambar Nobel ta fannin likitanci, ɗaya rabin kuma aka ba Ralph Steinman, wanda ya rasu kwana 3 kafin sanarwar. Bayan haka Lemaitre ya fito fili ya koka cewa ba a ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Ni da sana'ata ita ce rubuta takarda wani ya sa hannu, na san wannan magana ba ta da sauƙin yankewa. Ayarin fatake da sunan madugu ake kiransa, domin shi ya zaɓi hanya ya ɗauki kasada, amma goro bai taɓa isa kasuwa ba sai a kan wasu da ba a ambata. Adalci shi ne a faɗi sunayen duka biyu, shi ya sa na faɗa.

Abin da ya sa na ɗauko labarin nan shi ne takardun ɗalibai masu neman tallafin karatu da ke biyowa ta hannuna zuwa gaban dattawa. Idan yaro ya rubuta likita ko injiniya ko lauya, fuskoki sukan saki. Idan ya rubuta ilmin halittu, tambayar da ke biyowa ɗaya ce: me zai ci da shi? Ban ga laifin masu tambayar ba. Mu tsiraru ne a inda muke, aljihunmu gajere ne, kuma uban da ya sayar da rago ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya ga amfani da idonsa. Amma da an yi wa Hoffmann wannan tambaya a 1969, ba shi da amsar da za ta gamsar da kowa. Da an yi wa Nüsslein-Volhard ita a kan cikin ƙuda da bayansa, haka nan. Amfanin yana can gaba inda su kansu ba su hango shi ba. Raina kama ka ga gayya, in ji masu iya magana.

Farar nan a gonakinmu take sauka, sauron nan a ɗakunanmu yake kwana, amma sirrinsu a Strasbourg ake tonawa. Roƙona ga dattawanmu da masu hannu da shuni ba mai yawa ba ne. Cikin yara goma da za mu ɗauki nauyinsu, mu bar guda ɗaya ya bi tambayar da ba ta da riba a kusa, mu kuma yi haƙuri da shi. Iyaye kuwa, idan kun ga ɗanku ya kama fara ya ƙura mata ido maimakon ya jefa ta a wuta, ku tambaye shi abin da ya gani kafin ku tsawata masa.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.