Ƙofar Hasken Kyamara da Fuskokin da Muke Rasawa



Da yawa daga cikinmu matasan marubuta ba alƙalami ne ke ciyar da mu ba. Asabar da Lahadi kyamara muke ratayawa mu bi gidajen biki. Shi ya sa yau za mu taɓa wani ɗan abu da ke cikin gilashin kyamara, wato ƙofar haske.

Ƙofar nan kamar ƙwayar idon mutum take, a buɗe ta a duhu, a tsuke ta a rana. Da lambobi ake auna ta: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Duk matakin da ka hau, misali daga f/4 zuwa f/5.6, ka rage rabin hasken ke nan.

Mai hoto yana da sukunin tsayawa ya gyara, mu masu bidiyo ba mu da shi. Za a fito da amarya daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida da rana tsaka, kuma ba wanda zai ce mata ta koma a sake. In ka murɗa ƙofar kana cikin ɗauka, yawancin gilasan da muke iya saye tsalle suke yi, sai hasken ya riƙa sauka kamar mai gangarowa daga tsani. Gilasan fim ne ke da zobe mai sulɓi, su kuwa sun fi ƙarfin aljihunmu. Saurin ƙiftawar kyamara ma ba abin wasa ba ne: in ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, a kan 1/50 ake barin sa, wanda ya dace da wutarmu mai 50Hz, in ba haka ba fitilu su kama rawa. Abin da ke fitar da mu shi ne baƙin gilashin ND mai juyawa, tabarau ne ga kyamara. Ka tsayar da ƙofarka wuri ɗaya, ka riƙa juya shi a hankali.

Wani zai ce a bar ta a otomatik mana, a huta. To ai kyamara ba ta san biki ba. Da ta ga ango da abokansa cikin farar shadda sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta tsuke ƙofa. Shadda ta fito fes, fuskoki su zama inuwa. Matsalar ta daɗe. A shekarun 1950, katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jiki. Baƙar fata tana buƙatar wanda zai lura da ita da gangan. Fuska muke aunawa, gara shadda ta ɗan yi ƙyalli da a rasa idon mai ita.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne yayin da ake yi yanzu na buɗe ƙofa har f/1.8 don baya ya dushe kamar a fim. Yana da kyau in amarya ce ita kaɗai. Sai dai ƙofa in ta buɗe haka, wurin da ke fitowa tar ba shi da zurfi. Amarya ta fito, gwaggo da inna da kaka da ke tsaye a bayanta su koma hazo. Nan da shekara goma, in an kunna bidiyon, ba kwalliyar amarya za a nema ba. Tsayar da shi za a yi ana neman fuskar tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya, a tarar da ɗankwali kawai.

Don haka in dangi sun taru, mu tsuke zuwa f/5.6 ko f/8. In wurin ya yi duhu, a ƙara fitila ko a ɗaga ISO kaɗan. Kuɗin aikin ango ne ya biya, amma amanar ta dukan gidan ce.

Masu wannan sana'a a cikinmu, ya kuke yi in amarya ta tsallako bakin ƙofa? Muna sauraron ku. Sai wani makon in muna da rai.