Darasin da na koyo a rumfar Babana

Yau labarin wani malamina nake so in ba ku, domin kwanan nan na ga tsohon littafin da ya sa na rubuta, sai abin ya dawo mini sabo.

Kakana daga Kano ya zo Jimeta da fatauci, tun kafin a ƙirƙiro jihar Gongola a 1976. A nan aka haifi Babana, a nan aka haife ni. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawan Jimeta ya san maganar da ake yi mana, wai boko na 'ya'yan ma'aikata ne, mu kasuwa ce gadonmu. Ni ma haka na ɗauka. Da an tashi makaranta sai rumfa, inda Baba yake sayar da sabulu da man shafawa da yake sarowa daga Garwa ta ƙasar Kamaru.

A 2016 ina aji biyar na sakandare, shekarar da darajar naira ta faɗi warwas, Baba ya fara cewa in bar makaranta in zo in taya shi, don kasuwa ta yi nauyi. Ni kuwa har murna nake yi. Da na gaya wa malaminmu na tattalin arziki, wani Bafulatani mai sanyin magana da yake zuwa daga cikin garin Yola, bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ɗan Alhaji, kafin ka tafi ka yi mini aiki ɗaya. Ka rubuta duk abin da ya shiga rumfarku da abin da ya fita, na wata guda."

Na yi, na kawo masa ina taƙama, domin kuwa kowane katon akwai riba a kansa. Ya duba ya ce, "Madalla. To wannan kuɗin da kuka tara, in Alhaji ya kai shi Garwa gobe ya canza zuwa sefa, katon nawa zai sayo?" Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, in je wurin 'yan canji in tambayo.

Jama'a, a ranar na gane abin da ke cin mu. Mun sayar da katon 20, amma kuɗin gaba ɗaya, uwa da riba, katon 17 kawai zai dawo da shi. Muna sayarwa a kan farashin da muka saro, alhali sefa ta riga ta haye. Ashe jarin muke ci muna kiransa riba.

Na koma da zafina zan je in faɗa wa Baba ya yi kuskure. Malam ya ce, "A'a, ɗa ba ya gyara wa uba a tsakar kasuwa. Bari sai bayan isha'i, ka karanta masa littafin kawai, ka yi shiru." Haka na yi. Baba ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Sake karanto mini." Washegari ya gyara farashi, kuma bai ƙara ta da maganar barin makaranta ba, har na gama a 2017.

Abin da nake tunani har yau shi ne, shekaru nawa na yi ina zama a rumfar nan ban ga komai ba? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ni na daɗe ina gani, sai da aka samu wanda ya tsayar da ni ya yi mini tambaya. Kuma da a allo ya rubuta mana amsar, da na haddace na manta bayan jarrabawa.

Don haka 'yan uwana 'yan kasuwa na Jimeta, kada mu raba wa yaranmu kasuwa da makaranta. In yaro ya wuni a rumfa, da dare a tambaye shi me ya gani, a saurari amsarsa. Yanzu ƙanena ne yake riƙe da littafin, ni ke yi masa tambayoyin.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, amin.